Masuncin Kogi da Jarkar da Ya Sauke

To, kai da za ka koma sabon wuri kana cewa ai aikin da ka sani ne, matso in ba ka misali.

An yi wani masunci ɗan bakin kogin Kwara, irin waɗanda kusan a cikin kwalekwale aka yanke musu cibiya. Daga tarwaɗa har giwar ruwa babu kifin kogin da bai sha hannunsa ba. Wata shekara ya kai busasshen kifi kudu, har bakin teku, a can ya ji masuntan wurin suna zancen wani kifi mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki. Wai ba ya iyo a tsaye kamar 'yan'uwansa, kwanciya yake yi a ƙasan teku ya lulluɓa da yashi, gefe ɗaya fari fat, gefe ɗaya kalar ƙasa, kuma idanunsa biyu duk a kunci guda suke. Maganar idanun nan ita ta hana bawan Allah sukuni. Yaya kifi zai tara idanu a kunci guda? To, ɗaya kuncin fa, me ke wurin? Aka ce ya jira, wataƙila a kawo irinsa kasuwa. Ya ce shi masunci ne ɗan masunci, ba a nuna masa kifi a kan tebur, kuma ba zai koma gida ba sai ya ɗago shi da hannunsa ya dube shi ido da ido.

Sai ya liƙe wa wani tsohon masunci na garin, ya dame shi da tambaya har tsohon ya fara ɓuya in ya hango shi. Zurfin wurin gaba nawa ne? Wane nauyin dalma zai kai ƙugiya ƙasa? Me kifin ya fi so a maƙala masa? Yaushe teku ke cikowa, yaushe take janyewa? Duk abin da aka faɗa masa ya riƙe. Ya yi kwanaki yana tufka igiya, ya wasa ƙugiyoyi har suna kama farce, ya narka dalma, ya tanadi ƙananan kifaye masu wari. Gaskiya ba a taɓa ganin baƙo ya yi shiri irin nasa ba. Tsohon ya ara masa ƙaramin kwalekwale. Ran tafiya da sassafe yana loda kaya sai ya tarar da wata jarka mai nauyi a tsakiyar jirgin. Ya buɗa hannuwa ya gwada faɗin kifin da bai kama ba tukuna, ya ga jarkar ta tare masa wurin kwanciya, sai ya ɗauke ta ya dire a kan yashi, ko murfinta bai buɗe ba. Kada ka ce bai san ruwan teku gishiri ne ba. Ya sani sarai, tun ranar zuwansa ya ɗanɗana ya tofar. Amma tunda yake bai taɓa ɗaukar ruwa ya kai wa ruwa ba, a garinsu wanda ya yi haka sai ya shekara ana yi masa dariya. Ya tambayi komai, ban da abin da bai taɓa zama masa tambaya ba.

Ya tuƙa har gaɓa ta zama zare, ya saki igiya. Rana na tsaka abu ya kama, nauyi kamar ana ciro turmi daga taɓo. Ya ja, kifi ya ja, gumi na zuba, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Ba tare da ya yi tunani ba, hannun hagunsa ya sauka gefen jirgi kamar yadda ya saba, ya kamfato ruwa ya kai baki ya haɗiye. Ya amayar, ƙishirwa ta ninka. Duk da haka ya ci gaba da ja, domin ya fara hango wani abu yana tasowa daga duhun ruwa, mai faɗi, fari fat. Kifin ne, amma farin gefen ya juyo masa, sumul, babu ido ko ɗaya. Saura kawai ya birkice. Nan jiri ya ɗebe shi, yatsunsa suka saki da kansu, igiya ta zare, farin nan ya yi ƙasa har ya ɓace.

Da ƙyar cikowar teku ta taimaka masa ya kai gaɓa. Ya tarar da jarkar nan inda ya dire ta, tsohon yana zaune a kanta. Tsohon ya tashi ya buɗe, ya miƙa masa, ashe ruwan sha ne. Sai da ya sha ya dawo hayyacinsa sannan tsohon ya tambaye shi, “Baƙo, ka ga idanun?”

Ya goge baki, ya ce, “Baba, na dai ga inda babu su.”

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, sabo turken wawa.