Azarar da Ta Tsage Aka Yi Tafi

Gilashin ya ce ƙaras, tsaga ta ratsa shi, sai na ji mutane suna tafi.

Na dubi 'yata. Shekaru ta yi tana fama da wannan doguwar azarar gilashi a jami'arsu ta Melbourne, ga shi inji ya danne ta har ta tsage a gaban malamai, ita kuwa sai murmushi take. Ni da na tsufa ina sa wa gidaje tagogi, abin da na sani gilashi in ya tsage sai bola.

"Yi haƙuri, 'yar baba," na ce. "Mu je in saya miki kifi da dankali."

"Baba, daɗina da kai gaggawa. Ai nasara ce."

"Wace nasara? Ya fashe fa."

"Ya faɗi?"

Bai faɗi ba. Inji na ƙara nauyi, tsaga na haihuwar tsaga, azara tana nan a miƙe. Ta nuna mini wani siririn ƙarfe da aka manna a ƙasanta, wanda ban ma lura da shi ba.

"In gilashin na lafiya, ƙarfen nan kusan zaman banza yake. Sai gilashin ya tsage aikin ƙarfen ke farawa," ta ce.

Ni dai ban ga abin tafi ba. Na yunƙura zan tashi, ƙafata da ta shanye bara ta ƙi. Kafin in lalubo sandata, siririn hannunta yana ƙarƙashin hammatata, ba ta ko daina bayani ba.