Layin Ladidi

A shekarun da intanet ke tafiyar hawainiya, Tanimu da Ladidi suna haɗa wa mutane shafuka a wani ɗan shago a Tudun Wadan Zariya. Kwamfuta biyu, fanka ɗaya, wuta kuwa sai ta janareton maƙwabci. Ladidi tsohuwar mai buga tafireta ce, kuma tana da wata ɗabi'a. Duk sanda za ta rubuta wa kwamfuta umarni a cikin wani umarni, sai ta fara da layi guda inda take ajiye sunan abin da ake yi wa aikin, kana ta ci gaba. Tanimu ya ɗauki wannan tsoro ne irin na manya. Yakan ce, "Yaya Ladidi, ke ko tsintsiya sai kin rubuta mata suna."

Sai wata ƙungiyar mata masaƙa ta kawo masa aiki: in an taɓa hoton zane, shafin ya aika a ɗauko sunan wadda ta saƙa shi, ya rubuta a ƙasan hoton. Ranar Asabar za a nuna wa matan, in bai yi ba a kai aikin Kaduna. Ya jera umarni uku, wani cikin wani. Na farko ya ji taɓi, na biyu ya tafi aike, na uku ya jira amsa. Bai ajiye sunan komai ba. Amsa tana dawowa daidai, amma kafin ta iso na ukun ya manta hoton da ya aike shi, sai ya miƙa wa shafin gaba ɗaya, ƙasan hoto ya zauna fayau. Kwamfutar ba ta ko yi ƙorafi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Kwana uku yana zargin layin waya.

Ranar Juma'a da hantsi Ladidi ta jawo kujera, ta gyara tabarau. Ta ƙara layinta a can sama, ta sa na ukun ya nemi hoton da sunansa. Ta taɓa hoton wani saƙi mai ratsin ja, sai ga suna a ƙasansa: Dudu, Ƙofar Gayan. Washegari Dudu ta sa aka taɓa mata hoton har sau huɗu.

Yau shagon ya koma wurin cajin waya, Ladidi ta rasu, an kuma fito da salon rubutu mai riƙe sunan da kansa. Amma Tanimu bai bar rubuta layin Ladidi ba. In masu koyo a wurinsa suka tambaya, sai ya maimaita abin da ta ce masa tana cire tabarau: "Tun ran gini, tun ran zane."