Mai Karatu a Fili

"Malama, ki hana yarinyar can surutu," in ji jami'in jarrabawa, yana nuna bencin baya.

Malama ta dubi bencin. Sai da ta shekara biyu kafin ta gano cewa yarinyar, wadda kowa ya ɗauka daƙiƙiya ce, ba ta fahimtar rubutu sai ta ji shi da kunnenta. Tun daga nan take barin ta tana karantawa a fili, har ta fara zuwa ta biyar a aji.

"Ranka ya daɗe, ba satar amsa take ba. Haka kanta yake ɗauka."

"Doka ce. Ko ta yi shiru, ko ta fita."

Malama ta ja ƙafa har bencin, ta sunkuya. "'Yata, yau a zuci za ki karanta."

"To, Malama."

Yarinyar ta toshe bakinta da hannun hagu, ta ƙura wa takardar ido. Har aka kaɗa ƙararrawa, sunanta kaɗai ta rubuta. Da Malama ta zo karɓa, sai yarinyar ta ɗago tana murmushi.

"Malama, kin gani? Ko uffan ban ce ba."