Muryar Clive Ormerod

Har Gillian ta kai hawa na uku tana haki, ba ta yarda ta ajiye kwalin tef ɗin nan a ƙasa ba ko sau ɗaya. Ka san Gillian ai, 'yar Clive Ormerod. E, Clive na Copper Kite, samarin nan huɗu na garinmu Hull da suka yi faifai guda tal a 1968. Irin waƙoƙin lokacin masu kama da mafarki, jita na kuka, ƙararrawa na amsa mata, maza sanye da rigunan furanni. Ukun sun mutu. Saura Clive, shekara tamanin ba ɗaya, da waƙarsa ta ruwan saman ranar Lahadi, wadda har yau in aka sa ta a mashaya sai ka ga tsoho ya juya baya yana murza ido.

Ranar Asabar hukumar gari za ta manna allo mai sunansa a jikin gidan da aka haife shi. Shekara shida Gillian ta yi tana rubuta wasiƙu kafin a amince. Ita ce kuma za ta yi jawabi. Burinta ɗaya, a sa waƙar a wurin tas-tas daga ainihin tef ɗin, ba daga tsohon faifan da ya gama karcewa ba. Dole a sa ta kam, don Clive ya daɗe ba ya rera ta. Tun yana saurayi maƙogwaro ke ba shi matsala, in an zo kanta sai ya miƙa wa jama'a makirfo su yi.

Shi dai kullum cewa yake tef ya ƙone tare da sutudiyon da aka ɗauki waƙar. Sai ga shi watan jiya, Gillian tana kwashe kayan mahaifiyarta Noreen bayan jana'iza, ta ci karo da shi cikin akwatin keken ɗinki, naɗe da tsohuwar rigar sanyi.

Kai, ranta ya ɓaci. Dama ita da uwar ba su taɓa shiri ba. Noreen mace ce da in waƙar nan ta tashi a rediyo sai ta miƙe ta tafi wanke kwanukan da an riga an wanke. Ko a coci in ana waƙa baki kawai take motsawa. Clive ya yi ta tsokanarta gaban baƙi, "Ku ƙyale matar nan, kunnenta na katako ne." A yi ta dariya, ta Gillian ta fi ta kowa ƙarfi. Wato baƙin ciki har ya kai mace ta ɓoye wa mijinta abin da ya fi so a duniya, shekara hamsin da ɗoriya? Hukuncin da Gillian ta yanke ke nan. Ba ta faɗa wa uban ba, so take ya ji kawai ranar bikin.

A hawa na ukun nan Neville yake, dattijon da ke gyara tsofaffin tef. Ya duba kwalin, ya shinshina shi kamar burodi.

"Wa ya adana wannan? Ko digon laima babu. Wanda ya yi, yana son abin nan fiye da ransa."

"Kai dai yi aikinka, tsoho," in ji Gillian.

"To, ranki ya daɗe. Ga shayi can, ki haɗa mana, ni sikari uku, likita bai gani."

Ya ɗora tef a inji. Ganga ta shigo, jita ta bi, sai ga muryar, mai kaurin nan da taushi wadda Gillian ta girma a cikinta. Hawaye ya zo mata. Neville kuwa fuska ya yamutse, ya mayar baya, ya sake sauraro. Ya kuma mayarwa.

"Ji numfashin nan. Wa ke jan numfashi haka, in ba saniya ba?"

"Babana kake kira saniya?"

"Haba yarinya, ba shi ba, injin. A zamanin kowa na yi. A ɗauki murya da gudu, a rage gudun wajen buga faifai, sai ta yi nauyi, ta yi kamar daga rijiya. Ga shi ma wani ya rubuta adadin da fensir a gefen kwali. Bari mu ji yadda aka rera ta a ɗakin."

Ya murɗa wani abu a hankali. Ganga ta fara sauri. Muryar ta yi ta hawa, tana sirancewa, tana wankewa, har ta tsaya wani wuri inda numfashin ya koma na ɗan Adam. Wallahi ta fi daɗi, nesa ba kusa ba. Neville ya ajiye kofinsa, tsokanar duk ta tafi.

"Ka ɓata ta," Gillian ta ce. "Mayar yadda take."

"Yadda take ke nan. Dakata ya kai ƙarshe. A faifai ana yanke abin da ya biyo bayan waƙa, amma tef yakan ci gaba da ɗauka."

Waƙar ta ƙare. Kujera ta yi ƙara. Wani ya yi tari can baya. Sai mai waƙar ta yi 'yar dariya ta gajiya, ta matso kusa da makirfo ta ce, "Clive, ya isa haka? Sau tara ke nan fa. Na bar Gillian wajen maƙwabciya, lokacin nononta ya wuce."

To Asabar gobe ce. In kai ne Gillian, ka hau gaban jama'a, tsohon na zaune yana maka murmushi, sunan wa za ka kira?