Telan da Ya Ɓoye Hanyarsa

Tunda ka ce jibi za ka kama hanya, kuma na lura ko ƙaninka bai san inda ka dosa ba, zauna in ba ka labarin wani tela.

Telan nan mutumin arewa ne mai son yawon buɗe ido. Duk shekara in an gama hidimar ɗinkin Sallah, sai ya rufe shago, ya goya jakarsa, ya tafi ganin ƙasa. Kuma a yaba masa, ba ya tafiyar ganganci. Gidan sauro yana ciki, maganin zazzaɓi yana ciki, ga takalmi mai kama ƙasa, har da allura da zare, don hali zanen dutse ne. Abu ɗaya ne ya tashi da shi tun daga gida: matafiyi ba ya faɗin inda za shi, wai bakin mutane yana riga mutum isa. In ka tambaye shi ina zuwa, sai ya ce nan kusa, ko da kuwa ƙetare iyaka zai yi.

Wata shekara ya gangara kudu, ƙasar kurmi da duwatsu, inda ruwan sama ke sauka ba sallama. Ya isa ƙauyen ƙarshe, wanda mota ba ta wuce shi, waya kuma ba ta da sauran amfani sai duba lokaci. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta dama tana hawa kan dutse, ta hagu tana gangarawa wani kwazazzabo inda kogi ke zubowa daga tsauni. A mararrabar akwai wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara, da turke biyu a gefen rumfarta. Al'adar garin ita ce duk baƙon da zai shiga daji ya gaya mata hanyar da zai bi da lokacin dawowarsa, ita kuma ta ɗaura ganyen kwakwa a turken wannan hanyar. In ya dawo ta kwance. In lokaci ya wuce ganye yana nan, maza su ajiye aikinsu su bi sawu.

Ta ce, "Ɗana, wacce za ka bi?"

Tela ya dubi wasu ƙarti biyu da ke zaune a rumfar suna wasa adda, ya tuna abin ɗaukar hoton da ke cikin jakarsa, sai ya ɗauka ɓarayi ne. Su ne kuwa masu fita neman wanda ya ɓata, amma bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Hagu yake da niyyar bi don ya ga ruwan nan mai zubowa, amma sai ya ce, "Dama, Iya. Kafin la'asar na dawo." Ya bi ta daman har ya ɓace musu, sannan ya yanke ta cikin wata gonar koko ya koma ta hagu, yana ta yaba wa kansa wayo.

Ya ga ruwan, kuma abin ya kai a gani. A hanyar dawowa ne ya taka wani dutse mai gansakuka, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ƙasan kwazazzabon. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata, a ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita yana ci da iyalinsa. Da farko bai tsorata sosai ba. Ya yaga rigarsa ya ɗaure ciwon, ya ce ai la'asar na yi tsohuwa za ta turo mutane. Sai da ya gama faɗin haka a ransa sannan ya tuna a wane turke ta ɗaura ganyen.

Washegari da hantsi ya ji ƙaho. Can sama, a ƙetaren kwarin, maza suna busawa don wanda ya ɓata ya ji ya amsa. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ƙarar ruwa ta haɗiye ta. Yana jin ƙahon yana nisa, yana hawa dutse, yana bin hanyar da shi da bakinsa ya nuna musu. Ni dai duk labarin nan babu inda yake ba ni tausayi kamar wannan wuri: mutum a kwance, ƙudaje sun fara sauka a ciwonsa, yana sauraren masu cetonsa suna tafiya inda ya aike su. Kwana biyu mutanen nan suka bar gonakinsu, babu ramin da ba su leƙa ba a kan dutsen.

A rana ta huɗu wani mai ɗana tarko ya tsince shi, jiki zau da zazzaɓi. Aka ɗauko shi cikin bargo ɗaure a jikin gora. Da suka zo wucewa ta rumfar, tsohuwa ta miƙe ta dube shi, idonta ya ciko. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, mun neme ka inda ka ce."

A asibiti likita ya kwance ƙafar ya duba, ya ce da washegarin faɗuwar aka kawo shi, da ɗori kawai za a yi ya koma gida. Amma ciwon ya riga ya ruɓe, aka yanke ƙafar daga gwiwa.

To, ban ce ka yi shelar tafiyarka a kasuwa ba, mugaye suna nan. Amma ka samu mutum ɗaya ko biyu ka gaya musu gaskiyar inda za ka da ranar da za su zuba ido, in kuma ka sauya hanya ka sauya magana. Telan nan ya tsere wa ɓarayin da babu su, ya bar ƙafarsa a hanyar da ba wanda ya san ya bi. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.