Tsohuwar da Ta Sa Duniya Kuka

Saura kwana huɗu manyan ƙasashe su kaɗa ƙuri'ar ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka ajiye wa Milutin wani kaset a kan teburinsa, a sashen yaɗa labarai na ma'aikatar harkokin waje.

Maigidansa Desimir bai ɓoye masa komai ba. Jaridun waje sun riga sun raɗa musu suna mahauta, jakadunsu kuwa in sun shiga taro ba mai miƙa musu hannu. Idan Juma'a ta yi duniya ba ta tausaya musu ba, za a rufe sashen, samarin cikinsa su karɓi bindiga su nufi bakin kogin da ake gwabza yaƙi a kansa. Ga shi matar Milutin na ɗauke da cikin wata bakwai.

Ya kunna kaset ɗin. Wata tsohuwa ce durƙushe gaban sababbin kaburbura uku, a wani ƙauye da aka ƙone ƙurmus. Ko hawaye babu, sai dai ta yi alamar gicciye da hannu a jikinta, ta sake, ta kuma sakewa. Milutin ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake duba fuskarta. Can ya tashi ya kulle ƙofa, ya yi aikinsa, aikin da bai ci masa minti ashirin ba.

To, a nan da alamar gicciye ake gane mutum tun bai buɗe baki ba. 'Yan wannan gaɓar kafaɗar dama suke fara taɓawa, na tsallaken kogi kuwa ta hagu. An sha sauke mutum daga mota a shingen soja a kan wannan kaɗai. Tsohuwar da Milutin ya nuna wa manya washegari, dama take fara taɓawa.

Desimir ya tafa, ya ce tasu ce, uwar ƙasa ce ma. Wata sakatariya ta tambaya a hankali, me ya sa tsohuwar ke yi da hannun hagu.

"Sun karya mata na daman mana," in ji Desimir. "Milutin, sa wannan a layin farko."

Ya sa.

Kafin Alhamis babu tashar da ba ta nuna tsohuwar ba. Mata suka kunna mata kyandirori a biranen da ba su taɓa jin sunan kogin ba. Ranar Juma'a aka ɗage ƙuri'a sai baba ta gani. Desimir ya zagaya da kwalbar barasar ƙauyensu, ya rungume Milutin, ya ce masa ya manta da bindiga, ofishin jakadanci ne ke jiransa.

A gida kuwa, tun ran Talata Milutin ya zare wata waya a bayan talabijin, ya ce wa matarsa Zdenka ta lalace. Ya daina shigowa da jarida, wai mugun labari ba ya yi wa mai ciki kyau. Zdenka 'yar tsallake ce. Tun da aka fara yaƙi aka yanke waya tsakanin gaɓoɓin biyu, maƙwabta kuma suka daina amsa gaisuwarta.

Ranar Asabar da hantsi ya dawo daga sayen burodi, ya tarar ba ta nan. Daga benen sama ya jiyo muryar Stanojka, maƙwabciyar da ta yi wata shida ba ta ce wa Zdenka kanzil ba. Ya haura da gudu.

An zaunar da ita gaban talabijin. Sauran matan benen na jere, kowacce da kofin kofinta, ban da ita.

"Buɗe ido da kyau, amaryar tsallake, ga aikin danginki," in ji Stanojka. "Yayyen nan naki uku masu gashin baki da suka cinye mana naman biki, suna ina? Ko har da su a masu kunna wutar?"

Zdenka ba ta ko dube ta ba. Idonta na kan kaburburan, leɓɓanta na motsi kamar mai ƙirga. Sannan ta waiwayo, ta ga mijinta tsaye a bakin ƙofa da burodi a hannu, ta tambaye shi, ko rawa muryarta ba ta yi:

"Milutin, wa ya juya hoton nan kamar a madubi? Ai mahaifiyata ba bahaguwa ba ce."