Addu'a a Guje

Da 'yan tsere suka shawo kwanar ƙarshe, sai malamin addini ya ga ɗalibinsa ne na uku, ya miƙe daga rumfar baƙi.

A dokar makarantar, wanda ya faɗi jarrabawa ba ya taka filin wasa. Dattijon nan ne ya riƙa zaunar da yaron kullum bayan la'asar, yana tusa masa karatu har Allah Ya sa ya haye. Ga shi yau kofin makarantun yankin na jiran wanda ya fara taɓa zare.

"Ya Mai sauƙaƙawa, Ka sauƙaƙa masa!" in ji Malam, yana takawa a gefen fili domin addu'ar ta isa kunnen yaron. Takawa ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, har hula ta yi nata wuri.

Yaron ya waiga, ya hango malaminsa a guje yana ɗaga hannu. Bai tsaya tambayar laifinsa ba, ya wuce biyun da ke gabansa kamar walƙiya, ya tsinka zaren.

Malam ya iso yana haki, yana hamdala, zai rungume shi. Yaron ya kare kansa da hannuwa biyu.

"Wallahi, Malam, na yi aikin da ka bayar! A gida na baro shi."